Sule Birjik da Shanun da Babu Su

Da kakar bana shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sule, wanda mutanen Tamawa da kewaye suka fi sani da Sule Birjik. Na ce rasuwa ne don ita ce kalmar da malamai suka ce mu riƙe. Gawa dai ba mu gani ba, ba mu yi wanka ba, ba mu haƙa rami ba. Tabarma muka shimfiɗa a ƙofar gida, jama'a suka zo suka yi addu'a suka watse.

Ba don in wanke shi na ɗauki alƙalami ba, wanda ya halicce shi ya fi ni sanin abin da ke zuciyarsa. Abin da ya tsokano ni wani ɗaurin aure ne da na je kwanan baya a nan Dutsin-Ma, inda yawancinmu muka dawo da zama tun da ƙauye ya gagara. An ɗaura, an shafa, an raba goro da alewa, kowa ya nemi takalminsa. Babu wanda ya ɗaga murya ya ce wane ya zo, wane ya kawo kaza. Da na matsa na yi wa uban ango murna, sai ya kama hannuna ya ce, "Lallaɓawa muka yi, Malam, ka san ba mu da shi." Na san yana da shi daidai gwargwado, shi ma ya san na sani. Muna fitowa wani dattijo da muka jera da shi ya ce, "Ai tun abin Sule Birjik kowa ya koyi kama harshenshi. Baki shi ke yanka wuya." Bai san ƙanen Sulen ne a gefensa ba. Har yau maganar ba ta bar ni ba.

Sule sankira ne. Yaran yanzu da yawa ba su san aikin ba, to shi ne mutumin da ke tsayawa a wurin suna ko ɗaurin aure ya yi shela, ya ambaci wanda ya zo da abin da ya kawo, ya wasa mai biki har kansa ya kumbura. A wurin kawunmu ya gaji sana'ar. Ni kuwa aka tura ni boko, na ƙare a koyar da Turanci a firamare a Kurfi har na yi ritaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, dukanmu da baki muka ci abinci, amma shi ya fi ni kasuwa nesa ba kusa ba.

Abin da ya yi suna a kai shi ne faɗin yawa. A bakin Sule babu abin da yake kaɗan, kuma kowace kalma da inda yake ajiye ta. Abin da aka baza a ƙasa shi ne birjik, daga nan sunan ya bi shi. Abin da ke zubowa ko ke tahowa a guje, rututu. Rumbu ko daro in ya cika, maƙil. Kayan ɗaki jibgi, hatsi tuli, jama'a ba masaka tsinke. In ya ga abin yana so ya ƙure malejin, sai ya ja numfashi ya ce kamar ƙasa. Wannan ba ya fito da ita a kowane biki, ajiye ta yake yi kamar rigar Sallah.

Wata rana ya same ni a zaure ina shirya darasi, ya ce, "Malam Ƙarami, su Turawan naka in abu ya yi yawa mi suke cewa?" Haka yake kirana in yana jin tsokana. Na ce su ma suna da nasu. A hirarsu ta yau da kullum sukan ce abu ya kai tan-tan, ko lodin babbar mota, ko cikin jirgin ruwa, ko bokiti-bokiti. Wanda aiki ya yi wa yawa ya ce tsauni ne a gabansa. Har wata lamba suka ƙirƙiro mai kama da miliyan wadda babu ita a lissafi, don kawai a ji daɗin faɗa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wato Bature ko ƙarya zai yi sai ya ɗauko sikeli." Na ce to kai da malala gashin tinkiya fa, wa ya taɓa zama ya ƙirga gashin? Ya ce, "Shi ya sa tawa ta fi. Tasu ana iya aunawa a kama mutum. Tawa ba mai kama ni." Na sha tuna wannan maganar a shekarun nan biyar, kuma ba da dariya ba.

A lokacin gaskiya ya faɗa, don duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yadda ake jin Sule. In ya ce rumbu maƙil, ka san dawar za ta kai mai gidan bazara in an yi tsimi. In ya ce awaki rututu, akuya ce da 'ya'yanta. Ba wanda aka yaudara. Mai faɗa ya sani, mai ji ya sani, wanda ake wasawa ma ya fi kowa sani, amma zai koma gida yana taku ɗai-ɗai, matarsa tana yi masa dariya. Wani abu da mutane suka manta, ko suka ga dama suka manta, shi ne talaka Sule ya fi zuba wa. In mai hali ya iso, abin da zai ce bai wuce "Alhaji ya zo, Allah ya ƙara" ba. Wani Alhaji ya taɓa yi masa ƙorafi, Sule ya ce, "Alhaji, naka ana gani ko da rana ko da duhu. Wanda ba a gani nake haskawa." Cewa yake yi ko wane ne mutum, ya kamata sau ɗaya a duniya ya ji sunansa da nauyi a gaban surukansa.

Sai zamani ya juya. Mutanen daji suka fara da kora shanu, suka koma ɗaukar mutane, daga nesa muna jin labari har abin ya iso ƙofa. Aka gane akwai masu kai musu rahoto a cikin gari, waɗanda ake ce wa infoma, kuma ba ka sanin wane ne, wataƙila wanda kuka haɗa sahu da shi da asuba. Mai sabon babur ya shafa masa taɓo. Mai kwano a kan ɗaki ya fara da-na-sani. Na ce wa Sule, "Yaya, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza." Ya ji, wallahi ya ji. Kusan shekara guda ya rage, ya koma addu'a da ambaton iyaye da kakanni, ya daina zancen dukiya. Har matasa suka fara tsokanarsa wai Birjik ya koma Tsiya-tsiya.

Ana cikin haka auren ɗan Isiya ya taso. Isiya amininsa ne tun na kaciya, wuƙa ɗaya ta yanke su, a ɗaki ɗaya suka yi jinya. Manomi ne, abin da ya mallaka a duniya gona ce da shanun huɗa biyu da yake yi wa mutane aiki da su da damina. Ɗansa ya nemo yarinya a Birchi, dangin yarinyar kuwa masu ɗan hali ne, tun wurin neman auren suke yi wa Isiya kallon hadarin kaji. Ranar ɗaurin aure wani baffan amarya ya dubi rigar Isiya ya yi wata magana da ba zan maimaita ba. Ina wurin. Na ga Isiya ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, na kuma ga Sule ya miƙe ya gyara hula. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai yi.

Ban taɓa jin ya yi irin na ranar ba. Ya kira Isiya da sunan ubansa da na kakansa, ya ce mai rumbu maƙil, mai gyaɗa birjik a tsakar gida har kaji sun ƙi, mai tumaki rututu. Sannan ya ja numfashin nan nasa ya ce Isiya mai shanu kamar ƙasa, wanda in ya kora su rafi sai ruwa ya ƙafe. Wurin ya kaure da dariya da tafi. Isiya ya rufe fuska da hannun riga yana dariya, hawaye na zuba. Baffan amarya ma sai da ya murmusa ya miƙo hannu. Duk wanda ke zaune ya san shanun biyu ne, har sunayensu an sani. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne samarin da suka ɗaga wayoyi. Ba mugunta suka nufa ba, daɗi abin ya yi musu. Amma magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi bunu, don tana zuwa inda ba a san Sule ba, ba a san Isiya ba, ba a san ma'aunin da muke sauke maganar da shi ba.

Ana tsakiyar yankan dawa mutanen daji suka ɗauke Isiya a gonarsa, da la'asar sakaliya, mutane na kallo daga nesa. Da suka bugo waya, a zauren Isiya muke zaune, ɗansa angon ya saka ta a fili kowa ya ji. Suka faɗi abin da suke so, wanda ko Tamawa duka aka sayar ba zai fito ba. Yaron ya fara rantsuwa cewa ba su da shi. Sai mai maganar ya ce, "Tsaya ka ji." Muryar Sule ta fito daga wayar, tangaran, tana cewa shanu kamar ƙasa, ga tafin mutane a baya. Sule yana zaune kusa da ni. Ban iya duban fuskarsa ba, ƙafafunsa na duba, na ga manyan yatsun suna tona ƙasa.

Aka sayar da shanun huɗan, aka jinginar da gonar, aka bi gida-gida, har dangin amarya na Birchi suka kawo nasu, Allah ya saka musu. Da suka sake bugowa aka faɗa musu abin da aka tara, suka ce wannan kuɗin goro ne, ina sauran garken. A kwanakin nan Sule bai fita ba. Mutumin da ko a barci matarsa Hajo ta ce yana surutu, sai ga shi ana yi masa magana yana ɗaga kai kawai. A gari kuwa an fara. Waɗanda suka fi kowa tafi a ranar su ne suka fara cewa ai dama bakin maroƙi ba alheri. Wannan ne har gobe ke ƙona mini rai. Shekara da shekaru suna kiransa yana ɗaga su a gaban surukansu, suna ba shi abin da bai kai ya kawo ba, rana ɗaya duk suka zama masu hangen nesa.

Wata safiya ya zo gidana da tsohuwar rigarsa, ba hula mai aiki, ya ce shi zai kai abin da aka tara. Na ce ba ka da hankali, akwai masu kaiwa, sun san hanya. Ya ce, "Masu kaiwa kuɗi za su kai. Ni magana zan kai. Bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa." Na ce waɗannan mutanen ba magana suke ji ba. Ya ce, "Ai sun ji tawa, Malam Ƙarami." Ya ce in kula da Hajo da yara, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya hau bayan mai babur. Ban riƙe rigarsa ba. Ko na riƙe, yayana ne, ba a taɓa yin ranar da na hana shi abu ya hanu ba.

Abin da ya faru a can daga bakin Isiya muka ji, don shi ya dawo, a ƙafa, ya rame kamar ba shi ba. Ya ce da aka kawo Sule gaban babbansu, Sule ya durƙusa ya ce shi ne mai muryar, shi sankira ne, faɗin abin da babu shi ne sana'arsa. Ya ce su dubi fason ƙafar Isiya su gani ko ta mai garke ce. Babban ya yi dariya ya ce ai tuni sun gane, sun aika an duba, riƙe shi kawai suke yi ko wani abu zai ƙara fitowa. Ashe muryar ce ta burge shi, kullum sai ya sa an kunna masa. Ya kama hannun Sule ya kai shi bakin wani kwari, Isiya na biye. Isiya ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin shanu haka ba, iya ganinka, farare da jajaye, ƙura ta rufe bishiyoyi. Babban ya ce, "Ka yi wa mai shanu biyu. To ga na gaske. Yi mini."

Isiya ya ce Sule ya daɗe yana kallo. A cikinsu akwai waɗanda ya shaida, na Fulanin da ya sha zuwa rugarsu bikin suna, mutanen da yanzu ba su da ko ɗan maraƙi. Ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, kirari ba ya daɗi in akwai mai kuka a wurin. Sallami wannan tukuna." Aka sallami Isiya. Sule bai ko yi masa sallama ba, hannu kawai ya ɗaga masa kamar wanda za su haɗu a masallaci.

Sauran labarin wata baiwar Allah 'yar Rawayau ce ta kawo mana, wadda aka sako bayan damina ta faɗi. Ta ce bai yi kirarin ba. Ranar farko ya ce muryarsa ta dishe. Da suka matsa ya ce shi talaka yake yi wa. Suka yi masa abin da suke yi, ba zan rubuta ba, 'ya'yansa suna karanta jarida. Ta ce daga baya zazzaɓi ya kama shi, wata safiya suka ga an ɗauke shi an yi bayan dutse da shi. Ta ce har ya bar wurin ba ta ji ya ɗaga murya ba, ita ba ta ma san shi ne Sule Birjik ba sai da ta dawo gida aka gaya mata.

Zan faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake jin haushinsa. Mutum ya yi rayuwarsa duka yana cewa akuya ɗaya rututu ce, rana ɗaya tak aka nuna masa abin da ya cancanci kalmar, aka ce faɗi ka tsira, ya ƙi. Me zai rage shi? Ko tsiran zai yi ko ba zai yi ba Allah ne masani, wataƙila da ya yi sun riƙe shi ya zama nasu har abada. Amma da ya gwada, ko don Hajo. Wasu ranakun kuma sai in ga na fahimce shi. Shi bai taɓa ɗaukar abin da yake yi ƙarya ba, kyauta ce yake ba wanda ba shi da shi. Ba ya da abin da zai ba mutumin da ya kwashe na kowa. Tsakanin haushin da fahimtar nake kwana nake tashi, ban zaɓi ɗaya ba har yau.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Kalmominsa suna nan, ba su mutu ba, wurin zama suka canza. Yanzu in ka ji an ce rututu, babura ake nufi sun fito daga daji. In ka ji kamar ƙasa, ana ba da labarin yawan maharan ne. Ba masaka tsinke sai a wurin jana'iza, ko inda ake rabon tallafi. Na ji wata mata tana kwatanta sababbin kaburburan ƙauyensu ta ce ga su nan birjik, sai na tashi na bar wurin. Alheri kuwa kowa ƙanƙanta shi yake yi. Ka tambayi manomi amfanin bana ya ce ɗan abin da ba a rasa ba. Mai jego ba ta son a ji ragon suna ya yi kuka. Mun zama mutanen da ke tsoron a ce muna da shi, yaranmu kuma suna tasowa ba su taɓa jin an wasa ubansu a bainar jama'a ba. Suna zaton haka duniya take.

Hoton bidiyon bikin nan yana cikin wayata. Shi ne kaɗai wurin da muryar Sule ta rage, bai bar wata ba. Na sha sa yatsa in goge in fasa. Abin da ya kai shi daji shi ne abin da jikokinsa ke roƙo in kunna musu su ji kakansu, kuma in na kunna dariya suke yi, kamar yadda muka yi a ranar.

Isiya yana raye. Gonar ba ta dawo ba, shanu kuwa ko biyun babu. Yana nan Dutsin-Ma yana tura kurar ruwa, da ɗan fegin da wani ya ara masa a bayan gari yana shuka gyaɗa. Ba ya son a yi zancen, ban taɓa jin ya ambaci sunan Sule a cikin mutane ba. Amma duk kaka sai ya zo ɗakin da Hajo take haya da gyaɗa a ɗan kwano. Bana ina wurin ya zo. Ya yi sallama, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya tura kwanon, ya ce kamar yadda kowa ke cewa yanzu, "Ga ɗan abu nan, Hajo, ba yawa."

Hajo ta juye gyaɗar a faifai ta baza ta da hannu. Gyaɗar ko rufe faifan ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Isiya, a ɗakin nan ba a cewa haka." Ta ɗaga labule ta leƙa tsakar gida, ta dubi hagu ta dubi dama, ta tabbata ba kowa. Sannan ta sauke labulen, ta rage murya yadda mu uku kaɗai za mu ji, ta ce, "Isiya ya kawo gyaɗa birjik."

Allah ya jiƙan Sule, ya sa ya tarar da rahama irin yawan da ya saba faɗa.